An taru kan gawar Teresa, an bar aikinta a baya

Tun da aka buɗe kabarin Teresa ta Abila, 'yar zuhudun Katolika ta ƙarni na 16, a garin Alba de Tormes na Sifaniya a Agustan 2024, aka kuma fito da gawarta jama'a suka yi ta layi a Mayun 2025, zance ɗaya ke yawo: ta ruɓe ko ba ta ruɓe ba? Abin ya ba ni takaici ƙwarai, don ba gawa ce ta sa duniya ta san matar nan ba.

Gidan zuhudun da ta shiga a 1535 cike yake da mata sama da ɗari. 'Ya'yan masu kuɗi na da ɗakunansu da barorinsu, ana kiransu da laƙabin girma, 'ya'yan talakawa kuwa na cunkushe wuri guda. Wannan ne ya tsaya mata a rai. A 1562 ta buɗe ƙaramin gidan zuhudu a garin Abila da sunan Yusufu Mai Tsarki, ta ƙayyade kada mazauna su wuce 13. Ba laƙabi, ba baranya, takalmin igiya kowa ke sawa, kuma a dokar da ta rubuta shugabar gida ce ta farko a jerin masu shara. Majalisar garin ta maka ta a kotu. Wakilin Fafaroma, Filippo Sega, ya kira ta mace mai yawan yawo da taurin kai. Kotun binciken aƙida ta Coci ta riƙe littafin tarihin rayuwarta shekara da shekaru, ga ta jikar Bayahuden da ya koma Kirista, wanda kotun ta hukunta a Toledo a 1485. Duk da haka gidaje 17 ta kafa kafin rasuwarta a 1582, tana keta ƙasar cikin amalanken alfadari, jiki ba lafiya.

Masu cewa wahayin da ta ce tana gani farfaɗiya ce kawai, sai su faɗa mana wace farfaɗiya ke cinikin gida da rubuta doka.

Masu kuka a gaban akwatin ma ba su tsira ba. Sumbatar gilashi ba ta da wuya, ɗaukar tsintsiya ne ke da wuya ga mai muƙami. Cocin da ta saka ta cikin manyan malamanta a 1970, mace ta farko, ya kamata ta sa dokokin nan nata cikin karatun masu shirin zama limamai, bishop-bishop kuma su duba wa ke zaune a kujerun gaba ranar Lahadi, da abin da ya kai shi can.