Bazawarar littafi daban take

Wai marubutan littattafan soyayyar nan a wace unguwa suke ganin zawarawansu? An sake ta a shafi na goma, a na sha biyar wani Alhaji mai kamfani uku ya hango ta a bakin titi, kafin na ashirin an ɗaura! Iddar fa? Tsarki uku ce, mai ciki sai ta haihu, takaba wata huɗu da kwana goma, amma a littafi ko mako biyu ba ta cikawa. Tsohon miji ya danƙara saki uku, ya dawo yana hawaye, sai a ce an yi kome, ba auren wani a tsakani! 'Ya'yan miji huɗu, ranar tarewa duk sun kira ta Mami, ba mai hararar tuwonta. Agola ya zama ɗan lele har da rabon gado, alhali ko sisi ba shi da shi sai ta wasiyya, ita ma ba ta wuce sulusi. Kuɗin makarantarsa wa ke biya? Dangin ubansa masu zuwa karɓarsa mutuwa suka yi? Uwargida kuwa kullum tana gidan boka, kamar can aka yanke mata cibi!