Halowin a Gidan Alhaji Na-Maƙo

(Yammacin 31 ga Oktoba a unguwar Bronx, birnin New York. Alhaji Na-Maƙo direban tasi ya dawo gida. Mahaifiyarsa, Iya, ta zo ziyara daga Damagaram.)

AUWALU: Baba sannu da zuwa. Ina kayan Halowin ɗinmu?

NA-MAƘO: Na je shagon. Rigar dodo ta leda wai dala 30! Na tambayi yarinyar ko har da dodon a ciki.

UMMI: To me za mu saka?

NA-MAƘO: Talatu, ɗauko tsohon farin zanen gadon nan. A huda masa ido biyu, Auwalu ya zama fatalwa.

TALATU: Ummi fa, Alhaji?

NA-MAƘO: Su shiga tare. Fatalwa mai ƙafa huɗu ta fi ban tsoro.

TALATU: Alewar da za a ba yaran maƙwabta kuma?

NA-MAƘO: Gobe 1 ga Nuwamba ake karyar da ita rabin kuɗi. Yaron da aka yi wa tarbiyya zai iya haƙuri zuwa gobe. Yau dai a kashe fitilar ƙofa. Al'adar garin ce, gidan da ba haske ba a ƙwanƙwasa masa.

IYA: (ta fito da muciya) Wai hidimar me ake yi? Kai maigidana, wa ya naɗe ka da likkafani tun kana numfashi?

TALATU: Wasa ne, Iya. Kamar tashe. Yara su yi shigar dodanni su bi gida-gida ana ba su alewa.

IYA: Tashe ba azumi? Ba waƙa ba kiɗa? Wannan ai bara ce da kwalliya.

AUWALU: Malamarmu ta ce mutanen Ailan ne suka zo da shi. Can wata saiwa suke fafewa su sa mata wuta, da suka zo Amurka suka ga kabewa ta fi daɗin fafewa. Af, ina kabewata da na yi wa ido da haƙora?

IYA: Wadda aka wulaƙanta a bakin ƙofa aka cusa mata kyandir? Tana tukunya. Yau miyar taushe za ku sha.

NA-MAƘO: Allah ya ƙara girma, Iya! Ta yi gadi, ta yi miya, kuɗi ɗaya.

(Na-Maƙo ya shiga wanka. Iya ta ga ƙofa da duhu, ta kunna fitila. Nan take aka ƙwanƙwasa.)

IYA: A'uzu billahi! Talatu, ga ƙwarangwal da mayya da wani ɗan ƙaramin ɗan sanda!

TALATU: 'Ya'yan maƙwabta ne, Iya. Cewa suke ko a ba su alewa ko su yi mana ɓarna.

IYA: Har da ɗan sandan? To ba sabon abu. Ungo goro.

(Ƙwarangwal ya gatsa, ya tofar, ya fashe da kuka.)

IYA: Ashsha. Yaro ba ya barin ƙofata da hawaye. Kishiya, jawo min gwangwanin Nido da ke ƙarƙashin gadon ubanki.

(Bayan ɗan lokaci Na-Maƙo ya fito da tawul a wuya.)

NA-MAƘO: Wannan hayaniyar fa? Wa ya kunna fitila? Talatu, me ya sa layi ya kai har kwana?

TALATU: Labari ya bazu, Alhaji. Kowane gida alewa ake bayarwa, namu dala.

NA-MAƘO: Dalar wa?

UMMI: Ta cikin gwangwani, Baba. Mayyar nan sau uku tana dawowa, hula kawai take canzawa.

NA-MAƘO: Innalillahi! Iya, kuɗin inshorar mota ne!

IYA: Yi min shiru, ina da baƙi.

NA-MAƘO: Auwalu, tuɓe zanen nan ka ba ni. Maza!

(Ya fice ta ƙofar baya, ya bi layi, ya durƙusa, ya miƙo hannu ta ƙarƙashin zane.)

IYA: Ikon Allah, fatalwa da silifas ɗin ɗana. Kai ai ka girma, ungo goro. Na baya, matso.