Kwaɗon da aka sa wa gidan tuwon unguwarmu

Ranar da aka garƙame gidan tuwon unguwarmu, kafin azahar labari ya gama ko'ina. Da safe jami'an duba-gari suka zo, suka shiga har madafi, suka fito suka datse ƙofa da kwaɗo, suka manna takarda. Bayan la'asar majalisar ƙofar masallaci ba ta da hirar da ta wuce wannan. Wani ya ce hassada ce, masu sabon gidan abincin bakin titi ne suka kai ƙara. Wani ya ce na goro ne ba a ba su ba. Wani dattijo da nake ganin girmansa ya buga sandarsa a ƙasa ya ce: "Shekara ashirin ina cin tuwon Hajiya, ko ciwon kai bai taɓa sa ni ba. Yanzu a zo a toshe wa baiwar Allah hanyar abincinta?"

Ni ma ɗan gidan ne. Tun ina gwauro nake cin tuwon shinkafarta da miyar taushe, kuma har yau ban ci miyar kuka mai man shanu da ta kama ƙafar tata ba. Ta ba ni bashi a watannin da albashi ya makara, ba ta taɓa tuna mini ba. Almajiran layin nan da ƙanzonta da ragowar miyarta suke kwana. Duk wanda zai yi maganar wurin nan ya fara sanin wannan, domin abin da ya sa mutane suka fusata ke nan, kuma fushin nasu na ƙauna ne.

Sai dai na san bayan gidan. Wata rana butar wanke hannu ta ƙare, na zagaya neman ruwa. Daro ɗaya na gani, ruwan cikinsa ya koma kalar miya, yarinya tana tsoma kwanuka tana fitarwa tana kifewa a kan buhu. Kusa da ita kwata ce a buɗe, ba ta gudu. Tiren kayan ciki yana ajiye a ƙasa, ƙudaje na tashi daga kwatar suna sauka a kansa. Ƙofar makewayi ba ta fi taku biyar da murhu ba, akwai buta a bakinta, babu sabulu. Na gani, na dawo na zauna na cinye tuwona, ban ce komai ba. Kunya ce ta hana ni, irin kunyar da ɗa yake ji ya gaya wa uwa cewa ɗakinta ba shara. Na kuma tabbata rabin waɗanda suke ta faɗa a majalisa sun ga abin da na gani. Shirun da muka yi shekara da shekaru shi ne ya jawo kwaɗon nan, kuma shi ya sa nake ganin masu son wurin ne ya kamata su fi kowa goyon bayan a duba shi.

Mu ɗauki maganar dattijon, don ita ce hujjar da kowa ke kawowa: muna ci ba abin da ya same mu. Ta yaya muka sani? Zazzaɓin taifot ba ya kama mutum a bakin kwano. Ƙwayar cutar takan yi mako ɗaya zuwa uku a jiki kafin zazzaɓi ya bayyana. A lokacin mutum ya ci abinci a wuri goma, ya sha zoɓo a kasuwa, ya sha ruwan leda a tasha. Zai je kemis a ce masa "maleriya da taifot ne", a haɗa masa allura da ƙwayoyi, ya warke ko ya kwanta asibiti, kuma ba wanda zai tuna da daron wanke-wanke. Gudawar kwana biyu kuwa ba ma lissafa ta a ciwo, sai mu ce ciki ne ya ɓaci. A ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015, mutum miliyan 600 ne ke rashin lafiya duk shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 na mutuwa, kuma 125,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. A Afirka kaɗai mamatan sun kai 137,000. Dattijo mai ƙarfin ciki yana iya ci ya tashi lafiya. Amma gidan tuwon nan a kula ake saye a kai gida, mai jego ta ci, ɗan yaye ya ci, tsohuwa mai ciwon suga ta ci. Su ba sa zama a majalisa balle su ba da shaida.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani ko da wuri ya yi fes. A birnin New York na Amurka, a 1907, hukuma ta gano wata mai dafa abinci, Mary Mallon, wadda kusan duk gidan da ta yi aiki sai taifot ya ɓulla, ita kuwa garau take, ba ta taɓa jin ciwo ba. Ƙwayar cutar tana zaune a jikinta, tana fita ta bayan gida, tana komawa abinci ta hannu. Wannan ne dalilin da ya sa ake cewa masu taɓa abincin jama'a su riƙa zuwa gwaji, kuma shi ya sa sabulun bakin makewayi ya fi fentin gaban shago muhimmanci. Ruwan buta shi kaɗai ba ya fitar da abin da ya maƙale a ƙarƙashin farce.

Sai hujja ta biyu: "ai wuta ta kashe komai." Wuta tana kashe da yawa, gaskiya ne, kuma tuwon da aka kwashe yanzu yana tiriri yana cikin abinci mafi aminci. Matsalar tana farawa bayan an sauke tukunya. Tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin zafi ƙwayoyin cuta suka fi hayayyafa, kuma shawarar masana ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye haka kawai. Ku tuna zafin Afrilu a Kano, sannan ku tuna shinkafar da aka dafa da hantsi ana sayarwa har bayan isha'i. Akwai wata ƙwayar cuta da ke zama a shinkafa, tafasa ba ta kashe irinta, idan shinkafar ta huce ta daɗe sai ta saki guba, gubar kuma ɗumame ba ya lalata ta. Haka naman da ya kwana a firizar da wuta ta ɗauke mata tun magariba, ya narke, wuta ta dawo da asuba ya sake daskarewa. Mai abinci za ta rantse a firiza ya kwana, kuma ba ƙarya ta yi ba.

Mutanen Kano ba sa bukatar a kawo musu misali daga nesa. A watan Maris na 2021 aka fara kai mutane asibiti suna amai, suna fitsarin jini, bayan sun sha lemon da aka haɗa da garin ɗan tsami. Zuwa Afrilu, kwamishinan lafiya na lokacin, Dakta Aminu Ibrahim Tsanyawa, ya sanar da cewa mutum 10 sun rasu, kimanin 400 sun kwanta asibiti, wasu 50 kuma ana yi musu jinyar ƙoda. Hukumar NAFDAC ta ce wani sinadari mai guba ne aka sayar a matsayin ɗan tsami. Matan da suka haɗa lemon nan ba makasa ba ne. Sun sayi kaya mai araha a kasuwa, sun haɗa, sun sayar wa maƙwabtansu, wataƙila 'ya'yansu ma sun sha. A shekarar nan dai amai da gudawa ya kama sama da mutum 111,000 a Najeriya, ya kashe fiye da 3,600, kuma Bauchi da Jigawa da Kano suna sahun gaba. Kyakkyawar zuciyar mai sayarwa ba ta hana ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Wani abu a addininmu yana yawan zuwa mini a rai kan wannan batu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa cikin tsibin, ya ji danshi a ƙasa. Ya tambaye shi, mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai ya ce masa me ya hana ya ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, ya kuma yi gargaɗi mai tsanani kan ha'inci. Ban ce Hajiya ta ha'inci kowa ba, Allah ya kiyaye. Abin da nake ɗauka daga nan shi ne, mai saye saman tsibi kawai yake gani, don haka dole a samu wanda zai cusa hannu a madadinsa. Aikin duba-gari ke nan.

To amma masu cewa "na goro ne ba a bayar ba" su ma ba daga sama suka tsinci maganar ba, kuma a nan ne nake da ƙorafi mai yawa. Iyayenmu suna ba da labarin duba-garin da, wanda in an ji yana layi mata suke rige-rigen wanke randa da share tsakar gida. Yana leƙa randa ya ga ko akwai tsutsar sauro, yana duba masai, yana duba mahauta. Tun 1932 aka buɗe makarantar koyon aikin tsafta a Kano don horar da irinsu. An san ranar zuwansa, an san abin da yake nema. Yau kuwa mai abinci ba ta ganin jami'i sai da littafin rasit a hannu. Tsarin mulkin 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da gidajen abinci da gidajen burodi da duk inda ake sayar wa jama'a abinci. A wurare da yawa an karanta wannan a matsayin izinin karɓar haraji, aka manta da kulawar. Idan shekara biyar ba wanda ya leƙa madafi, rana ɗaya a zo da kwaɗo, dole mutane su tambayi wa ya aiko.

Kuma adalci ne a faɗi cewa ba duk ƙazantar bayan gidan nan ce laifin Hajiya ba. Rabon layinmu da ruwan famfo an manta. Kowace jarka daga hannun 'yan garuwa take saye, ba ta san rijiyar da aka ɗebo ba, kuma duk daron da ta zubar ta sake sabo kuɗi ne daga ribar da ba ta taka kara ta karya ba. Kwatar da ƙudaje ke tashi daga ciki ba ita ta gina ta ba, ba ita ce da alhakin yashe ta daga farkon layi zuwa ƙarshe ba. Hukumar da ta kasa kawo ruwa, ta kasa kwashe shara, idan ta zo cin tara ya kamata ta zo da ɗan sunkuyar da kai.

Abin da nake so a yi ba sabo ba ne a duniya. Tun 2010 birnin New York yake tilasta wa gidajen abinci su manna sakamakon dubawa a gaban shago, harafi ɗaya da kowa zai gani daga titi. A Ingila maki ake bayarwa daga 0 zuwa 5. Mu ma ƙaramar hukuma za ta iya buga kati mai kala uku, kore da rawaya da ja, wanda ko wanda bai yi boko ba zai gane. Jami'i ya zo a kai a kai, ya rubuta abin da ya gani da Hausa, ya bar wa mai wurin kofi, ya ba ta mako biyu ta gyara, ya dawo. A ajiye kwaɗo sai inda aka samu ruɓaɓɓen nama, ko aka ga mutane sun fara kwanciya, ko mai wuri ya yi kunnen ƙashi bayan gargaɗi. Tara kuma a biya ta a asusu, kada ta bi ta hannu. Katin da ke manne a ƙofa yana rage cinikin bayan fage, domin jami'in da ya ba wuri mai ƙazanta kore, duk unguwa za ta ga sa hannunsa. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, shugabanninsu suna da abin da za a tambaye su a kai: duba-gari nawa kuka ɗauka, kuma yaushe suka shiga madafi na ƙarshe?

Bayan kwana tara aka buɗe gidan. Na je daren farko, na samu Hajiya a kan kujerarta, ta rame. Na durƙusa na gaishe ta, na ce: "Hajiya, ki yafe mini. Na daɗe da ganin daron nan, ban faɗa miki ba." Ta yi shiru, sannan ta ce: "Ɗan nan, da kai ka faɗa mini ai da ya fi mini sauƙi a kan baƙi su faɗa mini a gaban jama'a." Yanzu daro uku ne a baya, na sabulu da na ɗauraya biyu. Ta sa an yi wa nama akwatin raga, an ɗora bokiti mai famfo da sabulu a ƙofar makewayi da kuma inda muke wanke hannu. Ta ƙara kuɗin malmala, wasu sun yi gunaguni, ni ina biya.

Kwatar tana nan yadda take. Ranar Juma'ar da ta wuce na kawo maganar a majalisa, cewa mu da muke cin tuwon mu haɗa kuɗi a yashe ta a rufe daidai bayan madafin, mu kuma rubuta wa kansila kan ragowar layin. Dattijon nan mai sanda har yanzu yana kan bakansa cewa hassada ce ta kawo duba-gari. Shi ya fara zaro kuɗi daga aljihu, ya ce a rubuta sunansa a kan buhun siminti ɗaya.