Kafin a sake rubuta wa mai olsa magani, a fara gwada ƙwayar cutar

Duk wanda yake zama a ɗakin duba marasa lafiya a Kano ya san wannan majinyacin: ya sha maganin gyambon ciki ya gama, ya je kemis ya sayi wani ya sake sha, ƙirji bai daina zafi ba. Sau da yawa dalilin shi ne ƙwayar Helicobacter pylori, mai jawo gyambon ciki, da ke cikinsa ta riga ta daina jin clarithromycin, maganin da ake haɗawa da amoxicillin da omeprazole a sha kwana 14.

Canji ne ƙarami a ƙwayar halittarta mai suna 23S rRNA, galibi A2142G ko A2143G, yake hana maganin kama ta. Wanda ya saba shan azithromycin ko erythromycin saboda mura ko tari, yana iya ɗauke da irin wannan ƙwaya, domin dangi ɗaya ne da clarithromycin. Masana sun yi ittifaƙin a daina ba da wannan haɗin da ka a duk yankin da bijirewar ta haura kashi 15 cikin ɗari.

Rainon ƙwayar a ɗakin gwaji yana da wuya. Ba ta son iska da yawa, tana iya mutuwa kafin samfurin ya isa, kuma takan ɗauki mako ɗaya ko fiye kafin ta tsiro. Gwajin PCR kuwa, wanda ke neman ƙwayar halittarta kai tsaye, bai buƙatar ta da rai. Da ɗan tsokar da aka gutsuro lokacin leƙa ciki da na'ura, ko da bahaya, za a ga canjin a rana ɗaya. Yana kuma gano bijirewa levofloxacin, wani maganin da ake ba ta, ta ƙwayar halittar gyrA. Ga maganin metronidazole dai ba a dogara da gwajin, saboda canje-canjen da ke jawo bijirewarsa sun yi yawa.

Inda ake yawan kuskure shi ne shiri. Dole majinyaci ya ajiye omeprazole da danginsa mako 2, maganin kashe ƙwayoyin cuta da maganin cikin nan bismuth mako 4, in ba haka ba ƙwayar ta ragu, sakamako ya nuna babu alhali tana nan. Gwajin jini da ake yi barkatai kuma bai bambance tsohon kamu da sabo, balle ya faɗi maganin da zai yi aiki.

A 2020, lokacin korona, an kafa ɗakunan gwajin PCR a Kano, har da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Na'ura iri ɗaya ce, sinadaran gwajin ne kawai daban. Ra'ayina, duk wanda zagayen farko bai warkar ba a yi masa wannan gwaji kafin a rubuta na biyu, manyan asibitocinmu kuma su riƙa tara sakamakon don likitan unguwa ya san maganin da har yanzu yake ci a garin nan. Kuɗin gwajin yana da nauyi, gaskiya ne. Amma tun 1994 hukumar binciken cutar kansa ta WHO ta sa wannan ƙwaya cikin masu jawo kansar ciki, kuma kowane zagayen magani da ya faɗi yana barin majinyaci da ƙwayar da ta fi ta da taurin kai.