Wannan Ba Tukwici Ba Ne, Albashi Ne Aka Ɗora wa Fasinja ta Bayan Gida

Mutum ya sayi tikitin jirgin ruwan shaƙatawa, irin manya-manyan nan da ke tashi daga Miami a Amurka su yi mako guda suna zagaya tsibiran Karibiyan. An ce masa ɗaki da abinci duk suna cikin kuɗin. Ya shiga, kwana ɗaya ko biyu ya leƙa asusunsa a talabijin ɗin ɗaki ko a waya, sai ya tarar ana rubuta masa bashin dala 16, ko 18, ko 20 kowace rana, a kan kowane rai da ke kwana a ɗakin. Wai sunansa tukwicin ma'aikata. Tukwicin me? Tukwici abu ne da hannunka ke miƙawa don an faranta maka, kai ka zaɓi wanda za ka ba, kai ka yanke nawa ne. Kuɗin da wani ya yanke adadinsa, ya zare daga katinka, ya raba a ofishin da ba ka taɓa gani ba, ba sunansa tukwici ba. Albashin mai kawo maka abinci ne kamfani ya cire daga farashin tikiti don tallarsa ta yi kyau, sannan ya dawo ya karɓa bayan jirgi ya bar gaɓa, lokacin da ba ka da hanyar sauka.

A shekarar 2023 kaɗai, cikin manyan kamfanonin jiragen nan, Norwegian ya kai nasa dala 20 a rana a ɗakunan gama-gari, Carnival ya kai 16, Royal Caribbean ya kai 18, masu manyan ɗakuna kuwa nasu ya fi haka. Royal Caribbean ɗin nan a 2013 dala 12 yake cirewa, wato cikin shekara goma an ƙara rabi. A ɗauki magidanci da matarsa da 'ya'ya biyu, kwana bakwai, a kan dala 18. Dala 504 ke nan da ba ta fito a farashin talla ba. Yara ma ba a ɗaga musu ƙafa, sai dai wasu kamfanonin su yafe wa wanda bai kai shekara biyu ko uku ba. Kuma ba a nan ta tsaya ba. Lemo, kofi na musamman, ruwan gora, kowanne ana ɗora masa kashi 18 zuwa 20 cikin 100. Haka ma in ka je gidajen abinci na musamman da ake biya daban a cikin jirgin. Abin da ya fi ƙona rai shi ne rasit ɗin da za a kawo maka ka sa hannu. An riga an lissafa wancan kason a ciki, amma a ƙasa an sake barin layi fayau da aka rubuta ƙarin tukwici. Wanda bai karanta da kyau ba sai ya sake cikewa, ya biya sau biyu a kan kofi ɗaya. Wannan ba kuskuren ɗab'i ba ne, da gangan aka tsara takardar haka.

Kada wani ya ɗauka ƙorafin nan a kan masu kai abinci yake. Su ne aka fi zalunta a cikin wannan tsari.

Babban ɗakin cin abinci yana zama biyu da dare, na farko wajen ƙarfe shida, na biyu bayan ƙarfe takwas. Kowane sabis, wato mai kawo abinci tebur, yana da mataimaki ɗaya, su biyu suna riƙe da tebura uku zuwa biyar, kusan mutum ashirin a zama guda. A samansu akwai shugaban sashe mai sa ido a kan rukunoni da yawa. Sabis ne ke karɓar oda, ya bayyana abin da ke cikin kowane girki, ya ajiye faranti a gaban kowa. Mataimaki ne ke kawo ruwa da burodi, ya kwashe kwanuka, ya yi ta safa da marwa zuwa kicin da babban tire a kafaɗa, faranti goma ko fiye an rufe su an jera wani kan wani, jirgi kuma yana tangaɗi. Tsakanin tashin mutanen farko da shigowar na biyu, 'yan mintuna ne da su na sauya mayafin tebur, su goge kofuna, su jera cokula. In kai ba ka cin naman alade ko abin da aka dafa da giya, ko ɗanka yana da abincin da jikinsa ba ya karɓa, su ne za su kawo maka jerin abincin gobe tun daren yau, su bi kicin su tabbatar ba a gauraya ba. Mutumin nan da ya sallame ka ƙarfe goma na dare, shi ne za ka gani da sassafe yana zuba shayi a wurin karin kumallo, da rana kuma yana share tebura a sashen ɗebi-da-kanka. Kwana bakwai a mako, babu ranar hutu, wata shida zuwa tara a jere, yana kwana a ɗan ƙuƙumin ɗaki a can ƙasan jirgi tare da abokin aiki. Mafi yawansu daga Filifin, Indonesiya da Indiya suke, kowanne da iyalin da ke jiran abin da zai aiko. In kwantiragi ya ƙare ya tafi gida hutu, babu fasinja, babu tukwici.

Me ya ba kamfani damar yin haka? Tuta, domin dokar ƙasar da jirgi ke ɗauke da tutarta ce ke aiki a cikinsa. Ofisoshinsu suna Miami, amma kamfanin Carnival a Panama aka yi masa rajista tun asali, Royal Caribbean a Laberiya, Norwegian a Bamuda, jiragen kuma galibi tutar Bahamas, Panama, Malta ko Bamuda suke ɗauke da ita. Don haka dokar mafi ƙarancin albashi ta Amurka ba ta hau kan sabis ɗin ba, ko da kowane fasinja da ke teburinsa Ba'amurke ne. Abin da ke kare shi shi ne yarjejeniyar aikin teku ta 2006 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta fara aiki a watan Agustan 2013. Ta ce a ba ma'aikaci hutun aƙalla awa 10 cikin kowace awa 24, da awa 77 cikin kwana bakwai. A cire 77 daga awa 168 da ke cikin mako, saura 91. Awa 91 na aiki a mako, kuma ba a karya doka ba! A kan wannan ne kamfani ke biyan ɗan albashin tushe da bai taka kara ya karya ba, ya ce sauran fasinja zai cike.

A da can, ambulan ake yi. Daren ƙarshe za ka tarar da su a ɗakinka, ɗaya na sabis, ɗaya na mataimakinsa, ɗaya na shugabansu, ɗaya na mai gyaran ɗaki. Ka zuba kuɗi, ka miƙa hannu da hannu. Tsarin yana da nasa aibin, domin akwai marasa kunya da ke ƙaurace wa ɗakin cin abinci a daren ƙarshe don kada su haɗa ido da wanda ya yi musu hidimar mako guda. Amma ko ba komai ka san inda kuɗinka ya shiga. Kamfanin Disney, da shi ma ke da irin jiragen nan, ya ci gaba da nuna rabon a fili. A 2022, cikin dala 14.50 na kowace rana, sabis yana da 4.75, mataimaki 3.75, shugabansu 1.25, mai gyaran ɗaki 4.75. To in wannan kamfani ya iya rubuta lissafi a sarari, me ya hana sauran? Yawancinsu abin da kawai za su ce maka shi ne ana raba kuɗin tsakanin ma'aikatan abinci, masu gyaran ɗaki da waɗanda ke aiki a bayan fage. Nawa ne ke kaiwa ga mutumin da ya san sunan ɗanka, ya san ba ka son yaji? Shiru. Ana zuba komai a tukunya ɗaya, a wasu kamfanonin ma tukunyar ta jiragensu duka ce, a raba bisa ma'aunin da su kaɗai suka sani. Ma'aikata sun sha bayyana cewa kwantiraginsu yana da wani adadi da aka lamunce musu a wata, kuma da kuɗin fasinja ake cike shi, kamfani ba ya sa hannu a aljihu sai in an samu giɓi. In haka ne, duk ƙarin da aka yi wa fasinja yana iya zama sauƙi ne ga kamfani, ba ƙari ga sabis ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sai a zo daren ƙarshe, a ga layi ya miƙe a kantar kula da baƙi. Mutane sun ga jimillar kuɗin, ransu ya ɓaci, sun zo a cire musu. A yawancin kamfanonin Amurka ana iya ragewa ko cirewa kafin a sauka, kuma wannan damar ce ke ba su bakin cewa kuɗin ba dole ba ne. Fushin fasinja yana kan gaskiya, amma an bar jaki ana dukan taiki. Asarar ba ta taɓa ribar kamfani kamar yadda take taɓa aljihun mataimakin sabis. Wani zai ce ai shi bai taɓa shiga babban ɗakin cin abinci ba, a ɗebi-da-kanka ya ci. To wa ya kwashe farantinka a can? Wa ya goge teburin kafin ka zauna? Su ne dai. Wani kuma zai ce zai cire na asusu ya ba sabis ɗinsa kuɗi a hannu. Niyyar tana da kyau, amma a wasu jiragen doka ce ga ma'aikaci ya miƙa duk tsabar kuɗin da ya karɓa daga fasinjan da ya cire nasa, a zuba a tukunya. Ko da an bar masa, mai wanke kwanuka da mai ɗauko kaya daga sito da ba ka taɓa ganin fuskarsu ba sun tashi a tutar babu. Kuma sunayen waɗanda suka cire kan isa ga shugabannin sashe, a kira sabis a tambaye shi laifin da ya yi wa teburin, alhali tsadar kamfani ce ta kori mutumin.

Ga kuma takardar jin ra'ayi da ake aiko wa fasinja bayan tafiya, mai maki daga sifili zuwa 10. Shi ya sa za ka ga magidanci mai furfura ya durƙusa kusa da kujerarka a daren ƙarshe yana roƙon ka ba shi 10. Makin nan ne ke yanke yawan teburan da za a ba shi, da ko za a ƙara masa girma, da ko za a sake kiransa. Fasinja ya ba da 7 don miya ta zo da sanyi daga kicin, sabis ne zai sha. Wanda kuma ya buɗe baki ya san abin da ke jiransa. A 2011 ma'aikatan abinci 'yan Indiya na jirgin Arcadia sun yi ɗan gajeren bore cikin lumana a tashar Seattle ta Amurka kan ƙarancin albashi da tukwici, daga baya kimanin 150 daga cikinsu ba a sake ba su kwantiragi ba.

Kada a ce gyaran ba zai yiwu ba. Kamfanin P&O na Ingila ya soke wannan cajin na kullum a watan Mayun 2019, ya mayar da shi cikin farashi, jiragensa ba su daina tafiya ba. Kamfanonin alfarma irin su Silversea da Seabourn tun asali a cikin tikiti suke haɗa shi. Da jihar Kalifoniya ta Amurka ta fara aiki da doka a Yulin 2024 cewa duk kuɗin da ya zama dole sai ya fito a farashin talla, su Carnival, Royal Caribbean da Norwegian suka shigar da haraji da kuɗin tasha cikin farashi nan take, amma suka bar tukwici a waje da hujjar wai na ganin dama ne. Wajen talla na ganin dama ne, wajen biyan ma'aikaci kuwa shi ne albashi. Dole su zaɓi ɗaya. Mu da muka tashi da sanin cewa ana ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, mun san wa aka ɗora wa wannan nauyi. Wanda ya ɗauke shi aiki ne, ba baƙon da ya zo cin abinci ba.

Kafin su gyara, duk mai niyyar hawa ya yi lissafinsa tun a gida. Ya ninka kuɗin rana da yawan kwanaki da yawan mutane, ya ɗora a kan tikiti, wannan ne farashin gaskiya da zai gwada da na wani kamfani. Ya biya tun lokacin sayen tikiti in akwai damar, domin hakan kan kare shi daga ƙarin da za a iya yi kafin ranar tafiya. Ya karanta kowane rasit kafin ya sa hannu, in ya ga an riga an ɗora kaso, ya ja layi a kan gurbin ƙarin. In hidima ta gaza, ya kira shugaban sashe tun dare na biyu a gyara ko a sauya masa tebur, kada ya haɗiye sai ranar ƙarshe ya huce a kan kuɗin mutane. Kada ya cire cajin na kullum. In yana son ya kyautata wa sabis da mataimakinsa, ya bar na asusu yadda yake, ya ƙara musu tsabar kuɗi a hannu, kowa da nasa ambulan, domin wannan ne ya fi tabbas zai tsaya a aljihunsu. A takardar jin ra'ayi ya rubuta sunayensu kamar yadda suke a bajon ƙirjinsu, ya ba su makin da ya dace da su, sannan a gurbin sharhi ya rubuta wa kamfani ƙarara cewa ya mayar da albashin ma'aikatansa cikin farashin tikiti, ya kuma wallafa yadda yake raba kuɗin.