Ranar da Kujerar Motarmu Ta Ƙi Sakina

Da aka raba aiki a ƙungiyarmu ta ɗaliban injiniya masu ƙera motar tsere domin gasar Formula Student, ni ne na yi wuf na zaɓi kujerar direba, domin a ganina babu abin da ya kai ta sauƙi idan aka kwatanta da inji ko birki. Ashe ban san abin da na ɗebo wa kaina ba. A irin wannan mota direba kusan a kishingiɗe yake, kuma idan ya shiga kwana da gudu, ƙarfin da ke ture shi gefe yakan zarce nauyin jikinsa, saboda haka dole kujera ta riƙe masa ƙugu da haƙarƙari da cinyoyi, in ba haka ba sai ya koma riƙe kansa da sitiyari maimakon tuƙi. Ga kuma dokoki: dole a bar tazarar milimita 50 tsakanin hular kwano da layin ƙarafan da ke kare kai idan mota ta kife, kuma dole direba ya iya fitowa cikin sakan 5.

Hanyar da ɗalibai suka saba bi ita ce a gauraya ruwan sinadarai guda biyu a zuba cikin babbar leda, direba ya zauna a kai, ruwan ya kumbura ya zama kumfa, ya daskare da siffar bayansa. Da yake ni ne mai aikin, kuma ina cikin direbobinmu, ni aka ce in zauna. An ɗaure ni da bel tamau, aka sa mini hular kwano, aka gargaɗe ni da kada in motsa ko da ƙuda ne ya sauka a hancina.

Kuskuren farko nawa ne, kuma ba zan ɗora wa kowa ba. Na leƙa bokitin na ga ruwan ya yi mini kaɗan a ido, sai na ce wa abokina, "Kai, wannan ai ko gadon bayan jariri ba zai cika ba, ninka shi." Ya ninka. Abin da na manta shi ne wannan ruwa yana kumbura ninkin-ba-ninkin, kuma yana fitar da zafi sa'ad da yake kumburar. Da farko ɗumin ya yi mini daɗi, har na fara yaba wa kaina basira. Can sai na ji ana ɗaga ni sama a hankali, bel yana ƙara matse mini kafaɗu, zafi kuma yana ratsa wandona kamar na zauna a kan inji. Na yi magana, amma hular kwano ta shanye muryar, sai suka ɗauka cewa nake yi komai lafiya, har wani ya ɗaga mini babban yatsa.

Daga nan ledar ta fashe ta gefen da muka liƙe da salatif. Kumfa ta bi ta ƙarƙashin cinyoyina, ta shige hannun rigata, ta rungume bel, sannan ta daskare. A daidai lokacin malaminmu ya shigo da agogon gwaji a hannu, ya ce tunda ga direba a zaune, bari a gwada fitar sakan 5. Na ce, "Malam, a yi mini afuwa, ina ganin yau ba za ta yiwu ba." Bai saurare ni ba, ya danna agogo. Na yunƙura da iyakar ƙarfina, motar gaba ɗaya ta girgiza, amma ni ina nan inda nake. Malam bai tsayar da agogon ba har aka kawo almakashi da ƙaramin zarto, kuma da aka zaro ni, rabin wandona ya zauna a cikin motar, sai ya duba ya sanar da cewa na yi minti 41.

Abin mamaki, da muka sassaƙe rarar kumfar, kujerar ta fito da kyau, ta kama mini baya kamar da ita aka haife ni. Sai da muka shimfiɗa mata zaren kabon (wani irin ƙyalle mai ƙarfi marar nauyi da ake daskarar da shi) muka gama, sannan muka lura da wani rami mai kusurwa huɗu a ɓangaren dama. Walat ɗina ne, wanda na manta ban cire daga aljihun baya ba. Idan na zauna babu shi, sai in karkace gefe guda. Tseren juriya kuwa kusan kilomita 22 ne, kuma ana canza direba a tsakiya, don haka yanzu duk ranar gwaji, idan na fito daga mota, sai in miƙa wa direba na biyu sitiyari tare da walat ɗina, bayan na ƙirga abin da ke ciki a gabansa.