Wai ladabin 'yan Filifin a jininsu yake? Ni dai ban yarda ba

Jama'a barkanmu da warhaka, rubutun nan yana da ɗan tsawo, mai ƙaramar data ya yi haƙuri.

Duk wanda rashin lafiya ta taɓa kai shi asibiti a Makka ko Madina ko Jidda, da wuya bai haɗu da nas 'yar Filifin ba, kuma in an dawo gida zancen ɗaya ne, wai mutanen nan akwai ladabi akwai fara'a, ba sa ɗaga murya, aiki kamar ba sa gajiya. Wasu daga cikin iyayenmu da suka yi sakandare a Arewa a shekarun 1970 zuwa 1980 malaman Filifin sun koya musu lissafi da kimiyya, su ma yabon da suke yi kenan. Sai a ƙarasa da cewa ai halinsu ne, a jininsu yake. To a nan nake da ja. Darasin farko a ilimin zamantakewa, wanda 'yan jami'a ke cewa soshiyoloji, shi ne al'umma ce ke ƙera mutum, ta nuna masa abin da ke da daraja, ta gindaya masa ƙa'idojin da ba a rubuta su a ko'ina ba, in ya kauce kuma ta hukunta shi ko da da kallo ne. Emile Durkheim na Faransa tun ƙarshen ƙarni na 19 yake cewa waɗannan abubuwan a wajen mutum suke, ya zo ya tarar da su, amma suna danne shi ko yana so ko ba ya so.

Ku duba yadda ake renon yaro a can. Tun bai iya magana sosai ba ake koya masa in ya shigo gida ya kama hannun kakarsa ya ɗora bayan hannun a goshinsa, suna kiran abin mano. Ba ya yi wa babba magana sai ya saka "po" a ciki, in zai amsa ya ce "opo". Yayansa namiji kuya, mace ate, kuma ko direban motar haya da bai taɓa gani ba kuya zai ce masa. In yaro ya ƙi, ba sai an ɗauko bulala ba, akwai hiya, kunyar nan ta kada ka zubar da mutuncinka da na gidanku a idon mutane, kuma a ce wa mutum "walang hiya", mara kunya, zagi ne mai nauyi ƙwarai a wurinsu. To yarinyar da ta yi shekara ashirin cikin wannan horon in ta zama nas ta yi maka murmushi alhali ka ɗaga mata murya, don Allah ina jini ya shigo a nan?

Amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne utang na loob. Bashi ne na alheri, wanda ba a rubuta shi, ba a faɗin adadinsa, shi ya sa ba ranar da za ka ce na gama biya. Iyayenka da suka haife ka suna binka, kawun da ya biya maka kuɗin makaranta yana binka, wanda ya yi maka hanya ka samu aiki yana binka har 'ya'yanka su taso su gaji bashin. A ido abu ne mai kyau, kuma wallahi yana da kyau, shi ya sa tsoho a can galibi a gida yake tsufa cikin jikokinsa. Sai dai ku bi ni mu ga inda yake kaiwa.

A 1974 gwamnatin Ferdinand Marcos ta shigar da tura ma'aikata ƙasashen waje cikin dokar ƙwadago, lokacin ƙasashen Larabawa kuɗin mai ya shigo suna neman hannaye. Abin da aka ɗauka na ɗan lokaci ne ya zama sana'ar ƙasa. Yau miliyoyin 'yan Filifin ne a waje, nas-nas, masu aikin gida a Hong Kong da Singafo da Saudiyya, ma'aikatan jiragen ruwa, kuma kuɗin da suke turowa gida ya haura dala biliyan 30 a shekara. Gwamnati har kirari take musu, wai sababbin jarumai. Waye ke tafiya? Sau da yawa babbar ɗiya ce ko babban ɗa, wanda ya buɗe ido ya ga ƙanne biyar a bayansa. Akwai wani kwali da suke kira balikbayan, ƙaton gaske, mace za ta ajiye shi a lungun ɗakinta ta yi watanni tana cika shi kaɗan-kaɗan, yau sabulu gobe man goge baki, naman gwangwani, cakulan, takalmin ƙaninta da ta sa aka auno mata ƙafarsa, in ya cika ta naɗe shi da salatif ta bai wa jirgin ruwa don ya isa kafin Kirsimeti. Ita kuwa 'ya'yanta suna can hannun kaka, a waya suke ganinta, tana renon 'ya'yan wasu. In ta ce ta gaji za ta daina turowa, ba ɗan sandan da zai kama ta, amma za a ce ba ta da utang na loob, kuma wannan ya fi mata kurkuku ciwo. Flor Contemplacion, mai aikin gida da aka rataye a Singafo a 1995, mutuwarta ce ta girgiza ƙasar har aka yi dokar kare ma'aikatan waje a wannan shekarar, bayan an yi shekara ashirin ana tura mutane.

Ra'ayina a nan shi ne, inda hukuma ta gaza ba fansho mai ƙwari ba aikin yi ba asibitin da talaka zai shiga hankali kwance, to dangi ne ke zama inshora, kuma bashin alheri shi ne igiyar da ke riƙe inshorar. Mu ma ai mun san wannan, gudummawar biki da kake kaiwa ka san ajiya ce, ranar naka za ta dawo.

Robert Merton na Amurka ya yi wata magana mai amfani, ya ce kowace al'ada tana da aikin da kowa ke gani da kuma wanda take yi a ɓoye ba wanda ya nufa. To ɓoyayyen aikin utang na loob a siyasa yake fitowa. Yawancin ƙasar Katolika ne, gadon mulkin Sifaniya na sama da shekara 300, kuma wajen baftisma da ɗaurin aure ana naɗa ubangida da uwargijiya, ninong da ninang. Talaka mai wayo magajin gari zai roƙa ya zame wa ɗansa ninong, daga nan sun zama kamar dangi. Ranar da matarsa ta kwanta asibiti magajin gari ya biya, ranar da aka yi rasuwa ya aiko da akwatin gawa, to ranar zaɓe fa? Kai ka ce masa ya sayar da ƙuri'a, shi a zuciyarsa bashi ya rage, kuma ƙin biyan ne abin kunya. Haka gidaje ƙalilan suka riƙe ƙasa mai mutum sama da miliyan 100. Diosdado Macapagal ya yi shugaban ƙasa, 'yarsa Gloria ta yi. Cory Aquino ta yi, ɗanta ya hau a 2010. Marcos, wanda jama'a suka cika titin EDSA na Manila suka kora a Fabrairun 1986, ɗansa ya ci zaɓe a 2022, wadda aka zaɓa mataimakiyarsa kuma 'yar shugaba mai barin gado Rodrigo Duterte ce. Ibn Khaldun da ya yi maganar asabiyya, wato haɗin kan dangi, tun ƙarni na 14 da zai ga wannan ba zai yi mamaki ba ko kaɗan. Mafi muni shi ne abin da ya faru a lardin Maguindanao a 2009, inda aka kashe mutum 58, cikinsu 'yan jarida 32, don kawai wani ya nemi tsayawa takarar gwamna da gidan Ampatuan da ke riƙe da lardin.

Sai dai a yi adalci, su kansu masanan Filifin ba su yarda a taƙaita su a kunya da bashi ba. A shekarun 1960 Frank Lynch na jami'ar Ateneo de Manila ya yi fice da cewa babban burin ɗan Filifin shi ne zaman lafiya da mutane, pakikisama, gara ya bi ra'ayin taro ko ya aika ɗan tsakani da ya faɗa maka a'a ido da ido. Sai Virgilio Enriquez na Jami'ar Filifin ya taso a shekarun 1970 ya ce wannan kallon baƙo ne, saman ruwa kawai aka gani, tushen shi ne kapwa, wato ka ga ɗan'uwanka mutum a matsayin wani ɓangare na kanka. Ina ganin yana da gaskiya, don mutanen da aka ce ba sa iya cewa a'a su ne suka tsaya gaban tankokin yaƙi a 1986. Kuma ƙasa mai tsibirai sama da 7,000 da harsuna fiye da 100 ba a yi mata kuɗin goro, Musulmin Mindanao da Sulu da Musulunci ya iske su tun kafin zuwan Turawan Sifaniya suna da nasu tsarin, ƙabilar Maranao suna da maratabat, kare martabar gida, wanda kan kai ga gabar dangi ta shekaru.

Abin da ke ban haushi shi ne yadda ake amfani da kyawawan halayen nan a rufe bakin mutane. Suna da bayanihan, asalinsa maƙwabta su taru su ɗaga gidan gora ɗungurungum a kafaɗa su kai shi sabon wuri. Da guguwar Haiyan, wadda su ke kira Yolanda, ta ragargaza Tacloban a Nuwamban 2013 ta kashe sama da mutum 6,000, duniya ta yi ta yaɗa hotunan mutane suna murmushi cikin ɓaraguzai, ana ta cewa kai mutanen nan akwai juriya. A Afrilun 2021 lokacin korona wata matashiya ta ajiye ɗan keken gora da kayan abinci a titin Maginhawa a birnin Quezon, mai hali ya ajiye mai buƙata ya ɗauka, cikin kwanaki abin ya bazu ƙasar. Abin a yaba ne, amma tambayar da matasansu da yawa suka riƙa yi ita ce, ina harajin da muke biya? Duk ranar da ka ji mai mulki yana yabon haƙurin talakawansa to ka duba da kyau, akwai aikin da bai yi ba.

Kundin tsarin mulkinsu na 1987 fa ya rubuta ƙarara cewa a hana gadon mulki a gida ɗaya, amma ya ce sai majalisa ta yi dokar da za ta fayyace shi. Majalisar kuma 'ya'yan gidajen ne suka cika ta, aka kwashe sama da shekara 30 ana kai ƙudiri yana kwana a kwamiti. A 2016 sun yarda sun saka sharaɗin a wata doka, amma ta zaɓen majalisun matasa na unguwanni.